Kasafin kuɗi ya gagare shi, amma tura soja bai gagare shi ba

Jama'a, tun da majalisar dokokin Faransa ta rikice nake ganin masu sharhi a nan suna cewa shugaban ƙasar, Emmanuel Macron, ya zama kyanwar Lami, ba cizo ba yakushi. Ni ban yarda ba. Rauninsa gaskiya ne, amma na cikin gida ne. A fagen soja da yaƙi, inda mu mutanen Sahel muka fi sanin Faransa, har yau hannunsa a sake yake, kuma wannan ne ke damuna.

Shi ya jawo wa kansa, wannan ba gardama. Ranar 9 ga Yunin 2024, da jam'iyyar RN ta Marine Le Pen, ta masu tsattsauran ra'ayin dama, ta zo ta ɗaya a zaɓen majalisar Turai, ya rusa majalisar dokokin Faransa ba tare da kowa ya tilasta masa ba. Kujerun majalisar 577 ne, sai da 289 ake samun rinjaye, zaɓen 7 ga Yuli kuwa ya raba ta gida uku: haɗakar 'yan hagu, mutanen Macron, da RN, babu wanda ya kusa kaiwa. Firaminista Michel Barnier wata uku ya yi aka kifar da shi da ƙuri'a 331, abin da rabon a gani tun 1962. Magajinsa François Bayrou ya faɗi a Satumban 2025. Wanda ya biyo baya, Sébastien Lecornu, ya ajiye aiki ranar 6 ga Oktoba, ministocinsa ko kwana ɗaya ba su cika ba, bayan kwana huɗu aka sake naɗa shi. Tushen rigimar dai kasafin kuɗi ne da bashi.

To amma ku duba kundin tsarin mulkin 1958, rigar da aka ɗinka daidai jikin Janar de Gaulle, shugaban ƙasa na farko a ƙarƙashinsa. Sashe na 15 ya ce shugaban ƙasa ne shugaban askarawa. Sashe na 35, ko bayan gyaran 2008, abin da ya ɗora wa gwamnati shi ne ta sanar da majalisa cikin kwana uku bayan an tura soja waje, muhawarar da za a yi kuma ba a kaɗa ƙuri'a a kanta. Sai aikin ya haura wata huɗu ake neman izini, idan an bayar sau ɗaya kuwa kundin bai ce a sabunta ba. Haka shugaban ƙasa na lokacin, François Hollande, ya tura soja Mali a Janairun 2013, majalisa ta amince a Afrilu, aikin ya rikiɗe ya koma Barkhane, rundunar Faransa a Sahel, a 2014, aka ci gaba har 2022. A Jamus sai majalisa ta amince ake tura soja, kuma tana sake duba izinin kusan kowace shekara. Wannan bambancin ba ƙarami ba ne ga wanda jiragen ke shawagi a kan garinsu.

Hatta fitar sojojin Faransa daga Nijar haka ta kasance. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 an shafe wata biyu ana kai ruwa rana a kan jakada da sojoji kusan 1,500, sai ranar 24 ga Satumba Macron ya sanar da janye su a hirar talabijin. Duk ra'ayin mutum a kan sojojin da ke mulki a Yamai, shawarar zama da ta tafiya a ɓangaren Faransa daga fadar shugaban ƙasa ta Élysée ta fito.

Batun ƙungiyar tsaro ta NATO, wadda 'yan'uwa a Nijar suka fi sani da OTAN, shi ma ɗaya ne. A 1966 de Gaulle ya fitar da Faransa daga rundunar haɗin gwiwar ƙungiyar, har hedkwatarta ta tashi daga Paris ta koma Brussels. A 2009 shugaba Nicolas Sarkozy ya mayar da Faransa cikin rundunar, majalisa ta kaɗa ƙuri'a ne bayan ya riga ya sanar. A 2019 Macron ya ce ƙwaƙwalwar NATO ta mutu, a Fabrairun 2024 kuma shi ne ya ƙi kawar da yiwuwar tura sojan ƙasashen Yamma Yukren. Yarjejeniyar tsaron da ya ƙulla da Yukren a wannan watan sai a Maris aka kai ta majalisa, ƙuri'ar ma ta jin ra'ayi ce kawai: jam'iyyar Jean-Luc Mélenchon, jigon 'yan hagu, ta ƙi, RN ta ƙaurace.

Na san abin da za a ce mini. Majalisar da ta kasa haɗa kai a kan albashi da fansho, ta yaya za ta riƙe akalar yaƙi? Mélenchon so yake a fice daga NATO gaba ɗaya, alhali 'yan jam'iyyar gurguzu masu sassauci da suka yi haɗaka da shi ba su tare da shi a nan. Le Pen ta yi alƙawarin fita daga rundunar haɗin gwiwar a 2022, daga baya shugaban RN Jordan Bardella ya ce ba yanzu ba, tunda ana yaƙi. Kuma ban manta jam'iyyar Le Pen ta ci bashi daga wani bankin Rasha a 2014 ba. Duk na yarda. Sai dai wannan rarrabuwar ita ce ainihin ra'ayin Faransawa, miliyoyi ne suka zaɓi waɗannan mutanen. Rufe ta a ofishin mutum ɗaya bai kawar da ita ba, ya dai hana a yi ta a bainar jama'a, inda kowane ɗan majalisa zai ɗaga hannu a san matsayinsa. Iyayen sojan da aka dawo da gawarsu daga Mali sun cancanci su san wanda ya ɗaga hannun.

Ƙofa ɗaya da majalisar ke da ita ita ce kuɗi. Dokar da ta ware wa soja Yuro biliyan 413 daga 2024 zuwa 2030 dole kowace shekara ta bi ta kasafi. Le Pen ta taɓo wurin a Yunin 2024 da ta ce muƙamin shugaban askarawa na girmamawa ne, tunda firaminista ke riƙe da lalita. Ba na tare da siyasarta ko kaɗan, amma toshe kuɗi bayan soja sun riga sun sauka a filin daga ba shi ne sa ido ba. Abin da nake so in gani shi ne a gyara sashe na 35: a yi ƙuri'a kafin a tura, a sake yi duk shekara.

Masu kwanciyar hankali don Macron na tare da NATO su tuna ba zai iya tsayawa a 2027 ba, wa'adi biyu a jere kundin ya yarda. Wanda duk ya gaje shi, daga hagu ne ko daga RN, zai tarar da sashe na 15 da na 35 yadda suke, da ikon ba da umarnin harba makaman nukiliya a hannunsa shi kaɗai.