Zaɓen da ɗan takara ba ya faɗuwa

Ƙannena na fadodin Yamai, idan wani ya ce muku tsarin jam'iyya ɗaya ya fi, ba zage-zage ba ɓarnar kuɗi, kada ku yi saurin gyaɗa kai. An yi abin a ƙasar nan, ku san yadda ya gudana.

A 1959 aka haramta jam'iyyar Sawaba ta Jibo Bakari, jam'iyyar RDA mai mulki ta rage ita kaɗai. A 1965 da 1970 shugaban ƙasa Jori Hamani na RDA ya tsaya takara ba abokin karawa, kujeru 50 na majalisa kuma duk na jam'iyyarsa ne.

A irin wannan tsari, tun a zauren manyan jam'iyya ake gama zaɓe. Su ke rubuta sunaye, jeri ɗaya tak, a kai rumfa. Manomin Tawa ba shi da ikon soke suna ko guda, balle ya ƙara wanda ya yarda da shi. To wa ɗan majalisa zai ji tsoro? Wanda ya rubuta sunansa mana. Ga kuma ƙidaya, wadda ita ta fi damuna: babu wakilin adawa a teburin, babu mai neman kama kuskure kafin a sa hannu. Jami'in da yankinsa ya kawo ƙuri'u kaɗan shi zai sha tambaya, don haka adadi ke kumbura kafin ya iso Yamai. Shugaba ya ga kashi 99 cikin 100, ya ɗauka jama'a lafiya lau suke, alhali fari na cinye dabbobi da rumbuna. Ranar 15 ga Afrilu 1974 soja suka kifar da Jori.

An sake gwadawa a Disamban 1989: Ali Saibu shi kaɗai, fiye da kashi 99, kujeru 93 na majalisa duk na jam'iyyarsa MNSD. Wata biyu kacal, ranar 9 ga Fabrairu 1990, aka harbe ɗalibai uku masu zanga-zanga a gadar Kennedy.

Na sani, jam'iyyu barkatai sun kawo sayen ƙuri'a da atamfa da sabulu, kuma kun gaji. Amma don Allah, duk wanda ya kawo muku wani tsari a fada, ku tambaye shi wa ke rubuta sunaye, wa ke zaune wurin ƙidaya, kuma ta wace ƙofa ake fitar da wanda ya kasa ba tare da bindiga ba. Ku jira amsarsa ko da shayi zai huce.