Kuɗin katin Kawu, da maganar "na bar su da Allah"

Talatar da ta wuce ina zaune a rumfar Kawuna mai sayar da hatsi a kasuwar Talata Mafara. Ya zaro 'yar wayarsa mai madannai, wadda ya ɗaure bayanta da roba, ya miƙo mini. "Ɗana, duba min abin nan. Jiya na sa katin dubu ɗaya, kira biyu na yi, yau an ce kuɗina sun ƙare."

Na buɗe saƙonni. Ashe an jefa shi cikin tsare-tsare har uku da bai taɓa nema ba, akwai waƙar da mai kira ke ji, akwai labarin ƙwallo da Turanci, kullum ana zarar hamsin nan, ɗari can. Mutumin da da ajami yake rubuta bashin da yake bin mutane, yaushe ya nemi labarin ƙwallo da Turanci?

Na ce, "Kawu, mu kai ƙara."

Ya kalle ni ya ce, "Wurin wa? Alƙali ko hakimi? Na bar su da Allah."

Wallahi wannan amsar ta fi kuɗin da aka cire ci mini rai, domin akwai wurin kai ƙarar, Kawu ne bai taɓa jin labarinsa ba. Tun 1992 aka kafa Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, kuma dokar sadarwa ta 2003 ta ba ta ikon bayar da lasisi, amincewa da farashi, kare mai amfani da waya, da raba gardama tsakanin kamfani da kamfani ko kamfani da mutum. Hanyar ma ba ta da tsawo. Ka fara kai kuka wurin kamfanin layinka, ka karɓi lambar ƙorafin ka ajiye. In sun yi biris da kai, ka kira 622, kyauta ne, hukumar ce ke ɗauka. Saƙonnin tallan da ke cika waya kuwa, ka tura STOP zuwa 2442 a rufe su.

Na tambayi mutum biyar a layin 'yan hatsi. Ba wanda ya san ko ɗaya.

Kada a ce hukumar ba ta da haƙori. A 2015 ta ci tarar MTN sama da naira tiriliyan 1 saboda layuka miliyan 5.2 da ba a yi wa rajista yadda ya kamata ba, daga baya aka sasanta a biliyan 330. Rigimar bashin USSD, wato lambobin da ake dannawa a waya don hulɗa da banki, tsakanin bankuna da kamfanonin waya ta ɗauki shekaru, hukumar da Babban Banki suka zauna a kai. Da kamfanoni suka yi kukan tsadar dizal da faɗuwar naira, a Janairun 2025 aka amince musu su ƙara farashi har kashi 50 cikin 100. Ni ban ce kukansu ƙarya ba ne, duk wanda ya wuce ta gindin turken sabis ya ji janareta na ruri dare da rana ya san ana ƙona kuɗi. Abin da nake cewa shi ne, manya suna da lauyoyi da ƙungiyoyi, suna da kujera a teburin Abuja. Mai hatsi ba shi da kowa sai hukumar nan, in kuwa bai san da ita ba, da akwai da babu duk ɗaya ne a wurinsa.

Mu 'yan Zamfara mun ɗanɗani wannan fiye da kowa. Farkon Satumbar 2021, bisa roƙon gwamnatin Bello Matawalle saboda matsalar 'yan bindiga, aka katse sabis a ƙananan hukumomi 14 gaba ɗaya. An dawo wa Gusau da sabis a farkon Oktoba, sauranmu sai da muka kai ƙarshen Nuwamba. Ba na jayayya da dalilin, rai ya fi waya. Amma na tuna yadda mutane ke biyan kuɗin mota su fita jihar don kawai su ji muryar ɗan da ke makaranta, masu POS sun naɗe lema, wasiƙa ta dawo hannun direbobi kamar zamanin iyayenmu. Datar wata guda da na saya kwana biyu kafin rufewar, haka ta mutu a waya, kamfanin bai waiwaye ni ba. Ni ma a lokacin cewa na yi na bar su da Allah, ga ni da karatuna. Ina jin kunyar hakan har yau.

Shi ya sa nake roƙon shugaban hukumar, Dakta Aminu Maida, da mutanensa: a kawo maganar nan inda muke. A saka 622 a rediyo da Hausa, a lokacin da manoma ke saurare. A zo kasuwar Mafara, ta Shinkafi, ta Kaura Namoda, a kafa tebur ranar kasuwa a karɓi ƙorafi baki da baki. A tilasta wa kamfani kada ya cire ko sisi sai ya tambayi mutum da harshen da yake ji. In kuma tsaro ya sake sa a rufe layi, Allah ya kiyaye, a rubuta tun farko abin da za a yi da kuɗin mutane.

Mu kuma masu manyan wayoyi, da muke kwana muna musu a Facebook, kowa yana da kawu ko inna da ake tatsa a ɓoye. Ka karɓi wayar ka duba.

Ranar dai ban bar rumfar ba sai da muka kira kamfanin. Mun jira kusan minti ashirin kafin a ɗauka, aka soke tsare-tsaren uku, aka ba mu lambar ƙorafi. Kawu ya rubuta ta da ajami a littafin bashinsa, ƙarƙashin sunan wani da ya karɓi tiya biyu na gero. Na ce masa in Talata mai zuwa ta yi kuɗin ba su dawo ba, zan zo mu kira 622 tare.