Daga root beer zuwa Malztrunk: shawarar da na ba ƙanena

Ƙanena da ke karatu a Amurka ya kawo mini ziyara Berlin. Muka shiga kanti, ya tsaya gaban kwalabe kamar baƙauye a Kantin Kwari. Can ya saba da root beer, wanda suna kawai ya haɗa shi da giya, lemo ne zalla. Ya ce, "Yaya, a nan me mutum zai sha?"

Na ce ya fara koyon karanta kwalba tukuna. Jamusawa ba sa wasa da giya. Tun 1516 Bavariya ta kafa doka cewa da ruwa da sha'ir da furen hops mai ɗaci kaɗai za a haɗa ta, kuma ko wadda suka cire wa barasa suna so ta riƙe wannan ɗacin. Tarkon yana cikin kalmar "alkoholfrei", wato marar barasa: doka ta yarda a rubuta ta ko da akwai barasa har kashi 0.5 cikin ɗari, daidai da "non-alcoholic" na Amurka. Erdinger Alkoholfrei, da ake miƙa wa 'yan gudun fanfalaki na Berlin idan sun kai ƙarshe, a wannan sahun take. Mai gudun shubuha sai ya nemi wadda aka buga wa 0,0%.

Ni dai duk ba su dame ni ba. Harshen da ya tashi da Maltina, wadda ke kasuwar Najeriya tun 1976, ba ɗaci yake nema ba. Na ɗauko masa Vitamalz da Karamalz, abin da suke kira Malztrunk, wato lemon malt irin Maltina. Baƙi ne, mai zaƙi, yana ƙamshin gasasshen hatsi, sai dai a bakina bai kai tamu kauri ba. Kurɓa ɗaya ya yi, ya ce ya tuno bikin Anti a Zariya. Root beer kuwa, Allah na tuba, ƙamshin man zafi nake ji a cikinsa.

Akwai kuma Fassbrause, wani lemo ɗan asalin Berlin tun 1908, shi ma a duba, don wasu kamfanoni na gauraya shi da giya marar barasa. Kvass na kantunan Rashawa na hana shi, burodi ne ake tsimawa.

Da zai koma, gwangwani shida na Karamalz ya cusa a akwati, ya bar mini takalmansa.