Mai jinya ma a tuna da shi

Assalamu alaikum. Na karanta wani labari na shirin inganta abincin marasa lafiya masu rauni a asibitoci, kuma wallahi abin ya taɓa ni, domin bara na yi mako uku ina jinyar mahaifiyata a wani asibiti nan Sakkwato.

Gadon da ke kusa da namu wata baiwar Allah ce daga ƙauye, an yi mata aiki. Kullum koko ne da safe, koko da dare, sai in mun ɗiba mata daga namu. Kuɗin duk sun ƙare a magani. Ta yaya ciwo zai warke ba wake, ba ƙwai, ba nono? Ɗiyarta da ke jinyarta kuwa, sau da yawa da yunwa take kwana.

Mu a nan mun san illar tamowa. Asibitin Noma da ke garin nan shaida ne: cutar noma, wadda ke cin fuskar yara ƙanana, ta fi kama waɗanda yunwa ta raunana, har a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin cututtukan da aka yi watsi da su.

Ba sai an kawo abinci daga waje ba. Kunun gero da waken soya da gyaɗa, ga zogale, ga kifi. Amma a sa masanin abinci a kowane ɗaki, don Inna, wato mahaifiyata, mai ciwon suga ce, kuma 'yan dubiya shayi mai zaƙi da burodi suka yi ta kawo mata.