Sojan da ke kan allon majami'a ba lallai na Isra'ila ba ne

Mutane da yawa in suka ga hoton allon dutse a bangon majami'ar Yahudawa, an rubuta sunan wani soja da ranar da ya mutu a fagen daga, sai su yanke hukuncin cewa Isra'ila ya yi wa yaƙi. A duba shekarar tukuna. A tsofaffin majami'un Turai, galibin allunan nan na Yaƙin Duniya na Ɗaya ne, 1914 zuwa 1918, alhali sai 1948 aka kafa Isra'ila. Domin ƙasashen haihuwarsu sojojin nan suka mutu.

A Jamus kaɗai, Yahudawa kusan 100,000 suka sa kaki, wajen 12,000 ba su dawo ba. Wasu ma ba kiransu aka yi ba, su suka kai kansu. Cikinsu har da Ludwig Frank, lauya kuma ɗan majalisar dokoki daga Mannheim, wanda aka kashe a Faransa ranar 3 ga Satumba 1914, yana da shekara 40. Duk da haka a 1916 gwamnati ta sa a ƙirga Yahudawan da ke soja, wai suna zillewa. Abin takaici, ba ta ma fitar da sakamakon a lokacin ba.

Allon kuma ba kabari ba ne. Suna ne kawai, sau da yawa da Ibrananci da Jamusanci, gawar ba ta wurin. A Jamus, da yawa daga cikin allunan sun ƙone tare da majami'un a Nuwamba 1938, lokacin da 'yan Nazi suka cinna musu wuta.