Wuri ya cika, sai ka goge ajiyarka?

Jiya wani ƙanina ɗalibi ya zo min da laftof ido jajir, wai aikin binciken da ya yi wata da watanni yana rubutawa ya ƙi buɗuwa. Na ce ina kwafin da ka ajiye? Sai ya sunkuyar da kai. Ashe kwamfutar ce ta ce masa wuri ya cika, shi kuwa ya duba ya ga fuldar ajiyar ce ta fi nauyi, kawai ya goge ta. Garin neman gira an rasa ido.

'Yan uwa matasa, don Allah me ya sa duk sanda wuri ya cika ajiyar ko-ta-kwana kuke fara kai wa hannu? Fina-finan da ka gama kallo tun bara suna nan, bidiyon da aka turo a guruf sau biyar yana nan, hotonka iri ɗaya guda talatin ko ɗaya ba ka taɓa ba, amma abin da zai cece ka ranar da faifan kwamfutar ya mutu shi ne ya tsone maka ido. Wani kuma sai ya kwashe fayilolin ya mayar filash, ya goge na kwamfutar, ya ce ai na yi ajiya. Malam ba ka yi ba, wuri ka canja musu, har yanzu kwafi ɗaya ne, kuma a kan filash ɗin da kake ba wa kowa aro.

Wurin ajiya na Google ma haka. Giga 15 suke bayarwa kyauta, kuma Gmail da Drive da Photos duk a ciki suke ci, iCloud na Apple kuwa giga 5 ne kacal. Tun watan Yunin 2021 hotuna suka fara shiga lissafi, daga baya ajiyar WhatsApp ta Android ma ta shiga, shi ya sa yake cika da wuri har imel ya daina shigowa. To nan ne mutum zai rikice ya hau gogewa ba karatu, bai san in wayar a haɗe take da asusun, abin da ya goge a manhajar Photos can ma ya tafi ba. Drive na riƙe shara kwana 30, amma mai gaggawa har kwandon yake zazzagewa don ya ga wuri ya buɗe. Mutumin da zai kwana yana musu da baƙo a Facebook ba shi da minti biyu na karanta gargaɗin da ya fito masa a allo!

Masana dai sun ce a ajiye kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya a wani wuri daban. Ko ba ka kai nan ba ka nutsu, ka fara da tarkace, ka buɗe sabuwar ajiyar ka ga tana aiki kafin ka taɓa tsohuwa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wallahi abin na ba ni takaici. Mu da muka yi zamanin fulofi mai mega 1.44 da faifan CD mai mega 700, sai mutum ya yi kwafi biyu, ya rubuta suna da kwanan wata a jiki, ya adana a akwati. Yanzu yaro na yawo da giga 128 a aljihu, ka tambaye shi ina takardar shaidar karatunsa sai ya ce bari ya duba ko wani ya taɓa turo masa a WhatsApp.