Hannun jariri da ya saki ba aikin mai ɗori ba ne

A unguwannin Agege da Idi-Araba na Legas, in jariri ya zo da hannu ɗaya a sake, tafin ya juya baya, sai ka ji ana cewa targaɗe ne, a kai wa mai ɗori. Galibi ƙashin lafiyarsa lau. Jijiyoyin da suka taso daga wuya zuwa hannu ne suka ja, lokacin da kafaɗa ta maƙale wajen haihuwa. Yawanci suna warkewa da gashi da motsa hannun a asibiti. Amma in ya kai wata 3 zuwa 6 bai lanƙwasa gwiwar hannu ba, likitoci kan yi tiyata, su ciro jijiya daga ƙafarsa su haɗa wadda ta tsinke. Don Allah iyaye, ku kai shi Asibitin Ƙashi na Igbobi da ke Legas da wuri, kafin naman hannun ya shanye.